Ƙugiya a Layin Jira

Duk wanda ya ce muku wankin nama watsa ruwa ne kawai, ku turo mini shi ya riƙe tiyo na wuni ɗaya. Kafin rana ta karkata zai nemi kafaɗarsa ya rasa. Ni aikina ke nan a kamfanin yanka. Ina tsaye a kan dakalin ƙarfe, da takalman roba da rigar leda har ƙasa, shanun da aka feɗe aka raba biyu suna zuwa mini a rataye jikin ƙugiya, ƙafa sama wuya ƙasa, ina wanke su kafin su shiga ɗakin sanyi. Ni ce hannu na ƙarshe a layin, kuma dakalina yana bayan wata kwana, inda ba kowa ke hango ni ba.

A wurin Baba na gaji dakalin. A kamfanin babu mai kiransa da sunansa, Sama-Ƙasa suke ce masa, don abin da bakinsa ya iya ke nan: "Daga sama zuwa ƙasa! Daga sama zuwa ƙasa!" In ka fara wanki daga ƙasa, dattin sama zai gangaro ya ɓata inda ka gama, ka yi aikin banza. Shi ya koya mini sauran ma. Ba a matse kan tiyo da ƙarfi, domin ruwa mai ƙarfi cusa datti yake yi cikin tsoka. In an ga gashi ko dattin ciki a jikin nama, wuƙa ce maganinsa, a yanke wurin a yar, ba a bi shi da ruwa ya bazu. Ba a sa tsumma. Ba a barin ruwan ƙasa ya fantsamo. Garin ƙashin da zarto ke bari a gadon baya kuwa, sai ka bi shi gaɓa-gaɓa.

Amma duk iya yina, mutumin nan bai taɓa yaba mini ba, wallahi ko da wasa. Sai ya zagaya naman, ya karkata kai, ya nuna da hannunsa na dama mai yatsu uku, wanda zarto ya ci sauran tun ba a haife ni ba, ya ce, "Kin bar wuri." Ko babu wurin sai ya ƙirƙiro shi. Har a gida ban tsira ba. In na wanke kwano, ya ɗaga shi yana dubawa a hasken taga. Inna ta ce masa, "Kai dai in ba ka ga laifi ba abinci ba ya wuce maka." Ya ce, "To ai ta bar wuri." Na sha yin fushi in ƙi gaishe shi, shi kuwa ko a jikinsa.

Bayan ƙirjinsa ya fara damunsa ya ajiye aiki, kamfani ya kawo injin wanki. Wani akwatin ƙarfe ne kamar ƙaramin ɗaki mai ƙofa biyu, kowace ƙofa da labulen roba. A cikinsa akwai kawunan feshi a jere suna lilo, na sama su fara, na ƙasa su karɓa, ruwan zafi da farko, sai ruwan tsami mai kashe ƙwayoyin cuta. Daga nan naman ya fito wurina in duba, in ɗauraye, in tura ɗakin sanyi. Bakanikenmu yana son injin nan fiye da yadda yake son matarsa, kullum yana goge shi, har muka sa wa injin suna Amarya. Amarya tana da ido a bakin ƙofa. In nama ya gifta ta gabansa ta yi feshi, in ƙugiya ta zo babu komai ta yi shiru. Ƙugiya kan zo haka nan jefi-jefi, ba abin mamaki ba ne.

Wata safiya, rana na shigowa ta tagogin sama, na hangi ƙugiya babu komai ta shiga, sai ga Amarya ta ɗauki ruri. Na buɗe baki zan ƙwala wa Bakanike kira ya zo matarsa ta haukace tana ɓarnar ruwa, sai na ga labulen fita ya buɗe. Ba ɗan motsin da ƙugiya ke sa shi ba, a'a, buɗewa ya yi gefe da gefe kamar yadda yake yi wa rabin saniya. Ƙugiyar ta taho a hankali, tayarta na kuka a kan layi saboda nauyi. Ruwa yana ɗiga, amma ba daga ƙugiyar ba. Daga can ƙasa yake ɗigowa, daga wani wuri a iska, kusa da gwiwata.

Kun san hannun da ya saba ba ya jiran kai. Kafin in yi tunanin komai, na ɗaga tiyo na matsa. Ruwan bai kai bango ba. A tsakiyar hanya ya fashe, da irin ƙarar da yake yi in ya sauka a tsoka. Ya bi wani abu yana gangarowa, ni kuma ina kallo yana zana mini shi: tafin ƙafa biyu, ƙwauri, cinya, sai wani ƙaton ciki, sai hannuwa biyu a sake suna reto. Hannun nan bai tsaya ba sai da ya kai ƙasa. Na sa ƙarfe na tura ƙugiyar ɗakin sanyi, na juya, ga rabin wata saniya yana jirana. Babu wanda ya gani. Kowa kunnensa a toshe, ga tururi, ga ƙarar zarto.

Da aka tashi hutun tsakar rana, Tulu mai fiɗa ya zauna a benci kusa da ni. Tulu muke ce masa saboda cikinsa, shi da kansa yake cewa ya daɗe bai ga yatsun ƙafarsa ba, in wani ya gan su ya gaishe su. Ya cire takalmi ɗaya, yana ba mu labarin yadda surukarsa ta kore shi daga kicin, muna dariya. Sai ya jingina da akwatin ajiye kaya, ya yi shiru. Mun ɗauka wasa yake, ashe rai ne ya yi halinsa. Ni kaɗai ce ban je na taɓa shi ba, cikinsa nake kallo.

Ranar ban bi ta ɗakina ba, kai tsaye gidan su Baba na nufa. Na tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga, an jera masa matasan kai a baya don numfashi. Inna tana kicin. Na durƙusa kusa da shi na zayyane masa komai. Ina jiran ya ce aljanu ne, ko ya ce gajiya ce in je in kwanta. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce:

"Daga sama kika fara?"

Na ce, "Baba! Mutum fa na ce maka na gani!"

"Na ji ki. Daga sama kika fara?"

"Daga sama."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ba Amarya ba ce, tun ba a san za a ƙera ta ba abin yake zuwa. Duk wanda ya daɗe yana cin abinci a layin nan, guminsa ya bi magudanar nan, to ta layin zai fita, ko ya bar aiki ko bai bari ba. Ya ce shi ma ya wanke su, da mai zarto na farko, da wata tsohuwa mai gyaran hanji, da direban motar sanyi. Yana faɗa yana kallon taga kamar yana ba ni labarin maƙwabta.

"Ba ke kika kashe shi ba," in ji shi. "Kafin ya iso wurinki an gama. Ke wanki ne naki."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Shi ne ka miƙa mini tiyo ba ka gaya mini ba? 'Yar cikinka?"

"Da na gaya miki, da kin karɓa?"

"Wallahi da ban karɓa ba."

"To da wa zai yi? Wannan yaron na ɗakin fata da ke fara wanki daga wuya?"

Inna ta shigo da ruwan zafi a kofi, muka ja bakinmu. Ta dube mu ta ce, "Ku kam kullum kamar zakaru biyu."

Na yi niyyar barin aikin, ban bari ba. Na ce wa kaina ƙila ba zai ƙara zuwa ba sai na tsufa. Sai dai tun daga ranar, duk ƙugiyar da ta shiga Amarya babu komai, sai na ɗauke numfashi har ta fito. Shi kuwa Baba jikinsa yana ta ja baya. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, a ci gaba da magani, a rage masa gishiri. Inna ta rage, shi kuma ya ce abincin ba shi da maraba da ruwan wankin nama.

Ana haka, wata rana da hantsi, Amarya ta yi ruri a kan ƙugiyar da babu komai. Labule ya buɗe, amma kaɗan. Tayar ba ta yi kuka sosai ba, abin bai da nauyi. Na ce wa hannuna ya tsaya, ya tsaya. Sai dai ba zan iya barin shi ya tsaya mini a gaba ban san ko wane ne ba. Na ɗaga tiyo na ɗan matsa a sama, na saki. Ruwan ya gangaro da kansa: ƙafafu sirara, haƙarƙari a waje, kafaɗar dama ta fi ta hagu tudu, irin ta wanda ya ƙare rayuwarsa riƙe da tiyo. Ya bi hannu, ya isa ƙarshensa, ya rabu uku yana ɗiga.

Na jefar da tiyon.

Kusa da dakalina akwai wani hannun ƙarfe. In nama ya zo da matsala, ana jan sa, ƙugiya ta kauce daga babban layi ta shiga wani guntun layi a gefe, ta jira a zo a gyara. Layin jira muke ce masa. Na ja hannun nan da duk ƙarfina. Ƙugiyar ta kauce, ta je ƙarshen guntun layin ta daki ƙarfe, ta tsaya tana lilo a hankali. Na sauka a guje zuwa ɗakin canja kaya, na zaro waya da jiƙaƙƙen hannu.

Inna ta ɗauka tana haki. "Yanzu nake shirin kiranki. Babanku ne ya faɗi a bakin banɗaki. Wallahi na ɗauka ya tafi, idonsa ya juye, na jijjiga shi ba motsi. Sai kuma ya ja numfashi. Ga shi nan yana kallona."

Na zauna a ƙasa ina dariya ina kuka. Wani daɗi ya cika ni, har da girman kai. Na ce a raina, Sama-Ƙasa, yau ga abin da kai ba ka iya ba, 'yarka ta iya.

Na samo waya ta ƙarfe na ɗaure tayar ƙugiyar a jikin layi. Bakanike ya zo yana leƙe, na ce masa ƙugiyar ta lanƙwashe ne, kuma in ya taɓa ta sai na sa masa tiyo a kunne. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar Sama-Ƙasa," ya wuce. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu shara. Idan an tashi aiki sukan bi ɗakin duka da ruwa da kumfa, sama da ƙasa, ba sa barin ko ƙusa. In ruwansu ya same shi fa? Sai na ce musu daga yau kwanar da dakalina yake ni zan riƙa wankewa, ba na son aikinsu. Suka ji haushi, suka ce in ci kaina. Na riƙa riga kowa zuwa, ina zama ta ƙarshe a fita. Ina wanke ƙasa da bokiti da tsintsiya, ina kewaye wurin a hankali, ba na bari ko ɗigo ya tashi.

Kwanakin farko lafiya lau. Baba yana shan kunu, yana ɗan magana. Daga nan sai wari ya fara.

Ba wari mai ƙarfi ba ne da farko, wani ɗan tsami-tsami ne da duk mai aikin nama ya sani, na tsokar da aka bari da ɗuminta. Likitar nama, wata mata mai hanci kamar na kyanwa, ta tsaya a kwanata tana shinshina. Ta sa aka buɗe magudana aka zuba sinadari. Ta sa Bakanike ya kwance kawunan feshin Amarya ɗaya bayan ɗaya, yana yi kamar zai yi kuka. Ba a ga komai ba, warin kuma sai ƙaruwa yake. Sannan ƙudaje suka zo, a ɗakin da ko ƙuda ɗaya ba ya shiga saboda raga da labulen iska. Na ɗaga kai wata rana na gan su zaune a ƙarƙashin ƙugiyar, a kan iska, sun jeru sun yi layi kamar a kan haƙarƙari. Na kore su da hular kaina, suka zagaya suka dawo.

A gida kuwa, Baba bai mutu ba, amma ban isa in ce yana raye ba. Fuskarsa ta kumbura, idanunsa suka kaɗa suka yi ja kamar jini ya taru a kansa. A bayan idon sawunsa duka biyu wani rami ya fito, Inna ta ce ƙila takalmi ne, mutumin da ya daɗe bai taka ƙasa ba. Ya daina barci. In aka kwantar da shi ya ce ɗakin a kife yake, in aka zaunar da shi ya ce haka. Bayansa ya fara duhu. Inna tana yi masa wanka safe da yamma, da sabulu mai ƙamshi, tana canja zanen gado, amma da na buɗe ƙofar gidan sai in ji kamar ban baro kwanata ba. Masu zuwa dubiya suka riƙa gaisawa daga bakin ƙofa. Inna ta rame, hannayenta suka tsattsage, ta daina zolayarsa. Shi kuma ya daina yi mini magana, sai kallo. Ni ma na daina haɗa ido da shi.

Ana gobe hutu, likitar nama ta tara mu. Ta ce ta gaji. In an dawo aiki, kafin tsakar rana, duk abin da ke layin jira a sauke shi, ƙugiya da tayarta da wayar da wata mai taurin kai ta ɗaura, a zuba a kwandon da ake kai wa wurin ƙonawa. Tana faɗa tana kallona.

Ranar hutun na je gida da safe. Inna ta ce in zauna da shi za ta je karɓo magani. Tana fita ya ce, "Zo nan." Muryarsa ta dishe, sai na matsa kusa na ji. Na zauna a bakin gado ina gyara masa bargo don kada in kalle shi.

"Tun yaushe nake layin jira?"

"Wane layi kuma, Baba? Zazzaɓi ne ke sa ka sambatu."

"Ke. Ni na koya miki jan hannun nan." Ya huta, ya ja numfashi. "Naman da aka bari da ɗuminsa a gefe, ba a wanke ba, ba a kai sanyi ba, me yake zama?"

"Baba, don Allah."

"Tambayarki nake."

"Lalacewa yake yi."

"To."

Nan fa na fashe. Na ce masa ya ji daɗin faɗa, shi da ya wanke mai zarto da mai hanji da direba, ai babu ubansa a ciki. Na ce shi bai san abin da nake ji ba, bai taɓa sani ba, shi dai a ba shi abu ya duba ya ce an bar wuri. Na ce ba zan yi ba, ko za a kore ni, ko kamfanin zai rushe. Na faɗi maganganun da ba a faɗa wa uba, ya bar ni har na gaji.

Sannan ya ce, "Wa kike tsammani ya wanke baffanki?"

Baffa ƙaninsa ne, ciki ɗaya, a ɗakin sanyi yake aiki. Ina ƙarama ya rasu. Abin da kawai nake tunawa shi ne ya sha jinya, kuma an hana mu yara shiga ɗakinsa.

"Ni ma na ja hannun," in ji Baba. "Na ɗaure da waya, kamar yadda kika yi. Shi bai san abin da ke riƙe da shi ba, kuka kawai yake yana kiran sunana in taimake shi. Ni na sani." Ya ɗago hannun nan mai yatsu uku ya ɗora a kan nawa. Yana da zafi, yana da laushi fiye da kima. "Dubi uwarki. Dubi ni. Wannan ne kika riƙe?"

Na gaya masa abin da likitar nama ta ce. Ban yi niyya ba, bakina ne ya suɓuce. A rayuwata ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai ranar.

"Kwandon ƙonawa," ya ce. "Ba wanki." Yatsun suka matse ni. "Na wanke na kowa. Kada ki bari a zuba ni a shara da dattina. Kin ji ko?"

"Na ji."

"Ki rage ƙarfin ruwan. Fatar ta yi laushi."

Inna ta dawo ta same ni ina yanke masa farce, hawaye na zuba a kan zanen gado.

Washegari na sa takalmana da rigar leda, na hau dakali. Layi ya tashi, zarto ya ɗauka, Amarya ta fara ruri, rabin saniya na farko ya fito ya tsaya a gabana. Na bar shi a nan. Na je layin jira na kwance wayar, na jawo ƙugiyar da hannuna zuwa gaban dakali. Na je famfo na haɗa ruwan zafi da na sanyi, ina gwadawa a bayan hannuna kamar za a yi wa jariri wanka. Na murɗa kan tiyon har ruwan ya zama yayyafi.

Na fara daga sama. Dugadugansa masu faso, da ramukan nan biyu. Ƙwaurinsa na hagu da tabon da ya samu ranar da ya faɗi da keke yana ɗauke da ni. Gwiwoyi. Na zagaya na bi gadon bayan da na sha hawa, gaɓa-gaɓa, ban yi sauri ba. Haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya. Hammata. Tudun kafaɗar nan. Ƙudajen suka tashi, ba su dawo ba. Ina ji a bayana layi ya cunkushe, ƙugiyoyi suna karo da juna, shugaban layi yana tahowa yana ihu wai wace ce ta tsayar da aiki. Bakanike ya riga shi isowa kwanar. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga inda ruwan ke fashewa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire hularsa, ya miƙa hannu ya danna jan maɓallin da ke kashe layin duka, ya juya ya tare hanya da jikinsa. Ban san abin da ya ce wa shugaban layi ba, amma ihun ya tsaya.

Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar ruwana. Na wanke wuya, na wanke bayan kunnuwa. Fuskar ce ta fi ba ni wuya, na rage ruwan har ya zama kamar ɗigo, na bi goshi, na bi gemu. Na durƙusa na wanke hannu, na buɗa tsakanin yatsu ukun. Da na gama na tashi na zagaya shi, na karkata kai ina dubawa, na ƙara bin wasu wurare da na riga na bi. Warin ya tafi. Ɗakin ya koma ƙamshin ruwa da ƙarfe kamar kullum.

Ban sa ƙarfen turawa ba. Tafin hannuna na sa, a inda bayansa yake, kuma na ji shi, da ɗuminsa. Na raka shi har bakin ɗakin sanyi. Labulen ya buɗe kaɗan, ya rufe.

Na rataye tiyo a mazauninsa, na cire takalma. Wayata tana ta kuka a cikin akwati, ban ɗauka ba. Na fita da ƙafa har gida, rana tsaka, mutane na ta harkokinsu a titi.

Na tarar da Inna zaune a kujerarsa ta bakin taga, hannayenta a cinya. Ba ta kuka. An buɗe ƙofar ɗakin, iska na shiga, babu wari ko kaɗan. Na leƙa. Yana kwance sambal, kumburin fuskar ya saɓe, idanunsa a rufe. Gashin kansa da gemunsa a jiƙe suke, matashin ma ya jiƙe.

"Ban yi masa wanka ba yau," in ji Inna daga bayana. "Ina kicin ina ɗora ruwan na ji yana magana. Na shigo na same shi haka, yana ta murmushi, yana ɗaga hannu kamar wanda ake cuɗa. Na ce wa kake wa? Bai kula ni ba. Can ya buɗe ido ya ba ni saƙo. Ni ban gane kansa ba, ya ce ke za ki gane."

Na riƙe ƙofa. "Me ya ce?"

"Ya ce in gaya miki ba ki bar wuri ba."

Na zame na zauna a ƙasa, na sa kaina a cinyar Inna, na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya.